Yadda Za Ka Hana Zanenka Shiga Firji

Kai mai zana da'irar lantarki a manhaja, irin wadda wuta ke gudu cikinta ba turjiya in an daskarar da ita, matso kusa. A kwamfuta kowane zane gwani ne. Tonon asiri yana cikin firjin ɗakin gwaji, inda ake saka na gaske. Bi hanyar da abokin aikinmu Dogo ya bi, na yi maka alkawari ba wanda zai sanyaya naka.

1. Kashe duniya

Manhajar tana da wani ɗan akwati da ke saka zafi da kuskuren maƙera cikin lissafi. Kada ka taɓa shi. Dogo bai taɓa ba, sakamakonsa kuwa ya fito sumul har oga ya buga shi ya liƙa a bayan kujerarsa.

2. Fake bayan layin jira

Ba kwamfuta lissafin da zai kai ta yamma. Dafe haɓa, zuba wa layin nan mai rarrafe a fuskar kwamfuta ido. Kowa ya zo da magana, ɗaga masa yatsa ɗaya. Ilimi ba ya son surutu.

3. Ji tsoron mai firji

Baiwar Allah ce mai fara'a, amma maganarta ɗaya ce: "Malam, kawo mu sanyaya mu gani." Dogo kan tambaye ta lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, har da na maƙwabta, yana ja da baya sai ya kai ƙofa.

4. Sabunta manhaja

Ranar da oga ya ce a aika zane masana'anta, ka ce sabon salo ya fito, tilas a sake komai daga farko. Wannan rijiya ba ta ƙafewa. In ta ƙafe, canja launin wayoyin daga shuɗi zuwa ja, ka kira taro a kai.

5. Karɓi yabo da sunkuyar da kai

A nan Dogo ya fi kowa, har abin ya yi yawa. Oga ya tara mu, ya ce bai taɓa ganin mutum mai tsantseni haka ba, kuma tunda mai firji za ta hutun haihuwa, wa ya fi cancanta? Ya danƙa masa makullin ɗakin gwaji.

"Ka fara da naka, na riga na aika an ƙera," in ji oga. "Baƙi za su zo kallo."

Muka yi ta tafi. Dogo ma ya tafa, tausayinsa ya kama ni.

Sharaɗi

Alkawarina yana nan daram: ba wanda ya sanyaya zanen Dogo. Da hannunsa ya saka, da hannunsa ya rufe ƙofar. Abin da ya fito bayan nan, ba ni ba shi, ban ma san mutumin ba.