Jatau da Kifayen Teku

A garinmu akwai wani mutum, Jatau. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, illa dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Shi da matarsa Kyauta suna zaune a gidan wansa Malam Shitu, wanda ya shekara talatin yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Legas. Da ya yi ritaya sai kewar teku ta dame shi, ya sayo ƙaton akwatin gilashi zai yi kiwon kifin ruwan gishiri, a garin da ko rijiya sai an yi gaba ashirin. Ya ce wa Jatau, "Wannan ne aikinka na ƙarshe. Ka ɓata shi, ku tattara ku bar mini gida." Jatau kuwa ba shi da ko bukka a wani wuri.

Wata rana Malam Shitu ya cika akwatin da ruwa, ya ce, "Auna gishirin teku kofi goma sha biyu kafin in dawo." Jatau ya bi gida gida yana aron kofi. Malam ya dawo ya tarar da kofuna sha biyu jere a ƙasa, kowanne cike da gishiri, ga matan unguwa a zaure suna jiran kayansu.

"Me ya hana ka zubawa?"

"Yaya, aunawa ka ce."

Wata rana kuma, bayan an zuba yashi da duwatsu, Malam ya jefa mataccen jatan lande guda ɗaya a ruwan. Ya ce sai ya ruɓe tukuna wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani za su hayayyafa a jikin duwatsu, su ne masu cinye gubar da kashin kifi ke saki. "Baƙinmu ne, ka girmama su." Ai kuwa kullum da safe Jatau zai durƙusa gaban akwatin da ba kowa ciki, ya yi sallama, ya tambaye su kwanan baƙunta. Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka Malam Shitu ya ajiye aljanu a gilashi. Ni kaina sai da na daina bi ta ƙofar gidan.

Wata rana Malam ya ba shi kwalbar maganin gwaji. "Ka riƙa ɗiban ruwa kana ɗigawa. Ka ga kore, guba ce, ka same ni ko ina nake ka faɗa mini." Ranar da ruwan gwajin ya yi kore Malam yana wajen walimar suna, ana tsakiyar shan kunun aya. Jatau ya faɗo da gudu. "Yaya! Akwai guba a ruwan!" Masu furzarwa na furzarwa, wani dattijo har da neman man ja. Malam ya jawo shi waje da kunne, ya ce saura ƙiris.

Wata rana, bayan mako biyar, gwaji ya nuna ruwa ya gyaru. Malam ya riga ya zaɓi kifaye goma wurin wani mai kifi a birni, sai tafiya Legas ta taso masa kan batun fansho. Ya ce, "Je ka ɗauko su. Ɗaya ɗaya, kada ka haɗa su." Shi dai nufinsa kowanne da ledarsa. To, mota ranar Laraba kaɗai take zuwa birni daga garinmu. Kowace Laraba Jatau zai hau, ya dawo rungume da kifi ɗaya tak. Mai kifi ya yi magiyar ya kwashe duka, Jatau ya ce Yaya bai ce ba.

Malam ya dawo bayan mako shida ya ƙirga kifi shida. Ransa ya ɓaci ƙwarai. "Kyauta, ɗaure kayanku!" Tana kuka tana ɗaure tukwane, shi kuma ya kira mai kifi a waya yana faɗa.

"Malam, yi shiru ka gode wa Allah," in ji mai kifi. "Ranar da ƙanenka ya fara zuwa wani alhaji ya kwashi goma ya juye a sabon ruwa. Kwana uku duk suka taso ciki sama. Sabon ruwa ba ya ɗaukar kashin kifi goma lokaci guda. Wa ya koya wa yaron nan?"

Malam ya dubi kifayensa, shuɗi da ruwan goro, suna ta shawagi tsakanin duwatsu. Kunya ta kama shi, ga kuma murna. Ya juya ga ƙanensa, wanda ke tsaye da tabarma a kafaɗa.

"Zauna, Jatau. Ba inda za ka."

Jatau ya zauna daɓas a tsakar gida, cikin rana, bakinsa har kunne. Da ƙyar aka tashe shi ya je sallar la'asar.