Hannun Rigar Sanyi

"...lafiya lau, angona. Ya ƙarfin jiki, in da saura?"

Tsohon tela bai ɗago daga kan kekensa ba. Jikarsa ce, ma'aikaciyar jinya, wadda ta samu aiki a wata ƙasa mai sanyi. Ta jibge ƙatuwar rigar sanyi a kan teburin yanka.

"Hannun ya yi mini tsawo. A rage."

"Ba zan rage ba! Almakashina ba ya taɓa kayan masu gudun gida. Ke ko kunya ba kya ji? Ki bar ƙasar da Allah ya gama yi wa komai, ki tafi inda rana ke leƙowa kamar mai jinya?"

"Aiki zan je yi, tsoho."

"Aiki! Mu marasa lafiya sun ƙare mana ne? Ruwanmu ya fi daɗi, gaisuwarmu ta fi tsawo, yarenmu ko jariri ya ji sai ya bar kuka. Duk duniya a wurinmu suka koyi zama mutane!"

"Ina ka taɓa zuwa da ka gwada? Kai da ko tasha aka kai ka sai jiri ya ɗebe ka."

"Me na rasa da zan je nema?"

"Wuta. Tun safe da ƙafa kake taka keke."

"Motsa jiki ne! Su can ƙafafunsu duk sun mutu. Mu ko sauronmu sai ya yi sallama a kunne kafin ya ciji mutum. Nasu fa?"

"Can ma akwai wani tsoho mai haƙori biyu irinka, yana rantsuwa ƙasarsu ce cibiyar duniya."

Ya daki tebur har maɓallai suka watse. "Ƙarya yake yi!"

"Shi zan aura. Rigar kuma in kai wa telan tsallaken titi."

"Wancan? Mai ɗinki kamar tafiyar mashayi?"

Ya sunkuya yana laluben maɓalli a ƙasa. Can ya ce, "In kin tafi, wa zai riƙa auna mini jini yana zagina?"

Ta durƙusa tana taya shi tsinta. "Zagin kam kullum zan aiko ta waya."

Ya yi tsaki, ya zaro tef daga wuyansa.

"Miƙo hannun, mummuna. Har shafi zan sa miki a ciki, kyauta." Dariya ta ƙwace masa. "Amma in kin ga tsohon nan, ki ce masa haƙorana uku ne."