Rasuwar Mai Sauraron Zuciyar Alhaji Maiwada

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda yanzu babu mai ƙirga bugunta, Alhaji Maiwada na Kafur yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsa ta auna zuciya, bayan shekara biyu da wata uku tana hidima a bangon shagonsa.

'Yarsa Raudatu, ma'aikaciyar jinya a Kaduna, ita ta aiko masa da ita bayan ya yanke jiki ya faɗi a gona. Marigayiyar mai kunya ce, ba ta taɓa kai hannu jikinsa ba. Daga bango take sauraron ƙirjinsa. In ta ji ba daidai ba sai ta ce "tin-tin-tin", ta kai labari wayar Raudatu, kafin ya gyara zama 'yar ta kira. A nan yake jin muryarta. Bai musa ba, wani lokaci da gangan yake cicciɓar buhu.

Ajalinta ya zo ta hannun ƙanensa Ɗanasabe, sarkin shiga sharo ba shanu. Da kaka, Alhaji ya tafi biki Malumfashi, shi kuwa gogan ya jibge buhun masara arba'in a shagon, ya watsa ƙwayar maganin ƙwari, ya liƙe ƙofa da taga har kwana bakwai. Maganin ya kashe ƙwarin, ya haɗa da 'yan hanjinta na tagulla. Da aka buɗe shagon, na'urar ta ce "ƙiii" sau ɗaya, ta cika. Wai shi Ɗanasabe ya ɗauka agogo ne, kamar agogo ba dukiyar mutane ba ce. Alhaji bai yafe ba, kuma ya ce a rubuta hakan.

Ta rasu ta bar caja guda, ƙusa biyu a bango, da dattijo mai hawan jini. Ta kuma bar Raudatu, wadda ta ji wayarta shiru ta ɗauka lafiya lau ake. Yau kwana ashirin da uku ba ta kira ba, kuma wannan ya fi rasuwar ƙona masa rai.

Za a kai gawar wurin Awaisu mai gyaran rediyo a Funtua ranar Litinin, ya cire abin da zai ciru. Zaman makoki a ƙofar shago bayan la'asar. Ɗanasabe kada ya zo, kada ya aiko. Mai ta'aziyya daga Kaduna kuwa ba sai ta jira ƙarar komai ba: lambar Alhaji ba ta canja ba, zuciyar ma tana nan tana bugawa, ko babu mai tambaya.