Kuɓewa a kan fano

Har in bar duniya ba zan manta da kuɓewar bara ba.

Ɗiyata Balkisa ta samu bak, takardar gama sakandare, ta ce ita aikin ordinata, wato kwamfuta, za ta koya, irin na masu ƙirƙiro abubuwan da muke latsawa cikin salula. Makarantu biyu ta samo: ɗaya sai an koma Yamai, ɗaya kuma daga nan gida Urafan ake yi, malami na cikin gilashi yana magana. Ni na lallaɓa ta ta zaɓi ta gida. Sai dai ba su ɗaukar mutum sai ya ci jarrabawa.

Kawunta ya kafa mata fanon sola a bisa rumfa don cajin ordinata. Na hau turmi na leƙa shi: ga faɗi, ga santsi, ga zafi, kuma akuya ba ta kaiwa. Na ce a raina Allah Ya kawo wurin shanya. (Na yi yaƙi da jahilci, ina karanta sunana da na magani, amma ba mu kai darasin fano ba.) Na yanka kuɓewata na baza ta a kai, ko kusurwa ban bari ba.

Ranar jarrabawa na zauna bayanta ina kallo. Haruffan nan duk na san su, amma ko kalma guda ban iya haɗawa ba. Ita ko yatsunta gudu suke, ta latsa wani wuri, sai ga zane ya motsa. Na riƙe haɓa. Wai ni na goya wannan.

Ana tsakiya, ordinata ta mutu.

Balkisa ta kira malamin a salula. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, wataƙila waya ce ta cire. Hau ki gwada mani fanon." Ta hau turmi, ta ɗaga salula, sai ta juyo ta dube ni.

"Inna, mi ne wannan?"

Na ce, "Ta kusa bushewa."

Sai na ji dariya ta ƙwace wa malamin. Ya ce, "A gaida Inna. A kwashe miya, a bar rana ta yi aikinta, gobe mu sake." Na gaishe shi daga bayan rumbu, don ban iya fitowa ba.

Ta sake, ta ci, ta gama koyon aikin. Yanzu daga ɗakin nan take yi wa wani kamfani aiki, mutanen da ba su taɓa taka yashin garinmu ba suna jiran abin da za ta rubuta.

Ni kuma na samu muƙami: kowace safiya ni ke goge fano da tsumma mai tsabta. Abin da na koya, duk abin da Balkisa ta shigo da shi gidan nan sai na tambaya kafin in ɗora masa komai. Kuɓewa ta koma tabarma, ni da akuya mun koma gidan jiya.