Tulun Man Na'ima

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta hancina ba zai bar ni ba. Har yau in aka ɗora man shanu a wuta aka jefa masa albasa, kowa a gidan yawunsa ke tsinkewa, ni kuwa gabana ne ke faɗuwa.

A shekarun casa'in ne, bayan yaƙin Kuwaiti ya lafa. Maigidana ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu da ke Riyad, ya yi ta fama har ya samo mini iƙama, wato takardar izinin zama, na biyo shi. Muka kama haya a wani bene a unguwar Murabba. Shi ya fice da sassafe zuwa Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ni kuwa a bar ni da bango da iyakwandishan mai gurnani. Ni da na tashi a gidan yawa a cikin birnin Kano, inda ko atishawa ka yi sai an tambaye ka dalili, sai ga ni ina wuni ban ji muryar kowa ba. Ba don Na'ima ba, da na haukace.

Na'ima 'yar Maroko ce, daga garin Fas, ƙofarta na kallon tawa. Mijinta yana aikin kayan zaƙi a wani otal. Larabcina na Islamiyya ne, nata kuwa irin wanda ake haɗiye rabin kowace kalma, amma da hannu da ido da dariya muka fahimci juna har muka zama kamar ciki ɗaya. Duk Juma'a ta aiko mini da kuskus (dambunmu ne dai, ya je makaranta ya waye). Da azumi ga harira, miyar da suke buɗa baki da ita, ga shabakiya mai zuma da riɗi da ke manne wa mutum a yatsu. Ni kuma in rama da tuwo da miyar kuka, ta yi loma biyu don kara. Duk ranar da na sa daddawa a tukunya sai ta ƙwanƙwasa ƙofa ta leƙo, hannu a hanci, tana dariya: "Uhti, yau ma?" Uhti, wato 'yar'uwata, haka take kirana. A duk faɗin Riyad ita kaɗai nake da.

To, ni ina da wani hali, gara in faɗa da bakina. Ba na iya ganin abu in bar shi yadda na same shi. Labulen mutane in ya karkace sai na gyara. Mahaifiyata ta yi faɗan karambanin nan har ta gaji ta sa mini ido.

Da naƙudar fari ta kama Na'ima, tana fita asibiti ta danƙa mini makullin gidanta, ta ce in ɗan riƙa leƙawa. Leƙawa ta ce. Ni kuwa na ɗaura zani na shiga da tsintsiya da soso. Na share, na goge, na wanke har abin da yake a wanke. Ina cikin kicin, a can ƙuryar kabad ta ƙasa, bayan tukwane, na ci karo da wani ɗan tulun yumɓu mai faɗin baki, an ɗaure murfinsa da ƙyalle. Na kwance (ai kun san zan kwance). Warin da ya daki hancina sai da na zauna a ƙasa. Man shanu ne, amma ya yi tsami ya yi ɗoyi, ga gishiri kamar an yi ɓari.

Tausayin Na'ima ya kama ni. Na ce Allah sarki, baiwar Allah, ciki ya sa ta manta da man nata har ya lalace. Wata da zubarwa za ta yi, amma ni 'yar gidan tattali ce. Na kai shi gidana, na juye a tukunya, na yanka albasa manya na zuba, na soya shi a hankali yadda ake yi a gida, har kumfar ta kwanta. Na tace da ƙyalle mai tsabta. Tulun kuma na dirje shi da sabulu da ruwan zafi, na shanya, na mayar da man ciki yana sheƙi kamar zinariya. Na ɗaure murfi na ajiye inda na ɗauko, ina jin kaina kamar wadda ta gina masallaci.

Na'ima ta dawo gida da ɗiya mace kyakkyawa. Na je na zauna a bakin gadonta ina riƙe da jaririya, ina jiran hira ta zo daidai in ba ta albishir. Har na buɗe baki, sai ta riga ni.

"Uhti, gobe za ki ci abin da ba ki taɓa ci ba. Rafisa."

Ta yi mini bayani. Abincin mai jego ne a wurinsu, a rana ta uku ake yi. A yayyaga wata gurasa mai falle-falle, a zuba mata romon kaza da albasa da hulba da adas, wani ɗan mitsitsin wake. Gwaggon mijinta, Lalla Zuhura, za ta zo daga unguwar Jaradiya da wasu mata su dafa.

"Amma duk wannan ba shi ne rafisa ba," in ji ta. "Sai an sa simin. Akwai wani ɗan tulu a kabad ɗin ƙasa."

Na ji jaririyar ta yi mini nauyi a hannu.

"Mai ne da muke murzawa da gishiri da ruwan ganye, a rufe a ajiye. Yana daɗewa yana ƙara daraja. In kika ji warinsa sai kin gudu, ya fi daddawarki." Ta yi dariya, sai kuma idonta ya ciko. "Mahaifiyata ta yi shi da hannunta shekarar da aka yi bikina. Ta ce kada in taɓa sai ranar haihuwata ta fari, ita da kanta za ta zo ta dafa mini. Bara ta rasu. Shi kaɗai ya rage mini na hannunta."

Na ce, "Allah ya jiƙanta." Ban san da wace murya na faɗa ba. Na miƙa mata ɗiyarta na ce na bar abu a wuta.

Da maigida ya dawo ya same ni zaune a tsakar falo ko girki ban ɗora ba. Na zayyana masa komai. Ya yi salati, ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Tashi ki je ki faɗa mata yanzu."

"Mai jego? Ɗanyen jego? In nononta ya ƙafe fa?"

"To gobe a gaban mutane za ki fi so?"

Na ƙi. Tsoro ya riga ya cinye mini hankali. Na fara lissafin duk abin da zai iya faruwa: mijinta ya kai ƙara wurin shurɗa, 'yan sandansu, a kira maigida a ofis, a soke iƙama, a tasa ƙeyarmu zuwa Kano, a tambaye ni a gida me ya dawo da mu in ce man shanu. Amma abin da ya fi duka tsaya mini a rai shi ne ƙofar nan da ke kallon tawa. In ta rufe, ba ni da wata.

Da gari ya waye shaiɗan ya kawo mini shawara, ni kuma na karɓa hannu biyu. Na ce ai ita da bakinta ta ce warin ya fi na daddawa, ke nan dangi ne. Abin da na cire wa man nan wari ne, to sai in mayar masa. (Ku yi dariya, na yafe muku. A lokacin gani nake ban taɓa yin dabara mai kyau irinta ba.) Na daka daddawata da na taho da ita daga gida, wadda nake tattalawa kamar ido, na ƙulle a gefen zani. Na shiga gidan Na'ima na ce bari in dafa mata shayin na'ana'a. Ruwa na tafasa, ni kuwa ina durƙushe a gaban kabad ina cuɗa daddawa da gishiri a cikin mai, kunnena na ƙofa. Na shinshina. Wari kam ya dawo. Kala ce dai ta koma wata iri, kamar ƙasar bakin rijiya.

Kafin azahar gida ya cika. Lalla Zuhura tsohuwa ce gajera mai kaifin ido, tana cire abaya ta naɗe hannun riga ta karɓe kicin. Mata suka zauna suna yayyaga gurasa, ni ma aka ba ni nawa. Ana hira ana guɗa, ni gumi kawai nake yi a cikin sanyin iyakwandishan. Wata ta tambaye ni ko ni ma ciki ne da ni. Na ce a'a, zazzaɓi ne. Romo ya nuna, ƙamshin hulba ya cika gida, ina ta addu'a Allah ya sa tsohuwar ta ɗiba ta jefa a tukunya ba tare da ta duba ba.

Ashe ba haka za a yi ba. Lalla Zuhura ta ɗauko tulun da hannu biyu ta kawo har ɗakin mai jego, ta ce 'yar marigayiya ce za ta buɗe da kanta. Mata suka biyo ta suka kewaye gado, aka yi wa mamaciya addu'a. Ni na maƙale a jikin ƙofa.

Na'ima ta yi bisimilla ta kwance ƙyallen. Ta rufe ido ta kai hanci, irin yadda mutum ke rungumar wanda ya daɗe bai gani ba. Sai ta buɗe ido. Ta leƙa cikin tulun. Ta sake shinshinawa. Lalla Zuhura ta karɓa, ta lakata da ɗan yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce, "Albasa?" Ta miƙa wa ta kusa da ita, tulu ya yi ta zagaya hannu, kowa na faɗin albarkacin bakinta. Wata ta ce zafin Riyad ne, wata ta ce baki ne ya kama shi.

A duk ɗakin nan hancin Na'ima ne kaɗai ya san warin, don shekara guda yana shigo mata ta ƙarƙashin ƙofa. Ta ɗago kai ta neme ni har ta same ni a jikin ƙofa. Ba ta toshe hanci ba, ba ta yi dariya ba. A hankali ta ce, "Uhti, yau ma?"

Na fashe da kuka. Larabcin ya gudu ya bar ni, na koma Hausa zalla ina nuna tukunya da hannu, ina nuna yankan albasa, ina nuna tacewa, ina nuna daka. Matan Maroko suka zuba mini ido kamar mai wasan kwaikwayo. Da suka gane, wata ta dafe ƙirji, wata ta juya baya kafaɗunta na rawa (har yau ban sani ba ko kuka take ko dariya).

Na'ima ta yi mini tambaya ɗaya. "Tulun fa? Kin bar ko ɗan kaɗan a jikinsa?"

"Na wanke," na ce. "Da sabulu. Da ruwan zafi."

Ta juya fuska ta kalli bango. Wannan juyawar ta fi mini mari zafi. Ban san yadda aka yi na tsallaka zuwa gidana ba, takalmina ma can na baro. Aka dafa rafisa da man kanti, aka aiko mini a kwano, na kasa ci.

Na daɗe ina laɓe. In na ji motsin ƙofarta sai in rage numfashi. Ranar suna na aika maigida da turmin atamfa, ni na ce ba ni da lafiya. Juma'a ta zo ta wuce har sau nawa, ba kuskus, kuma na san ban cancanta ba.

Sai da ta yi arba'in, wata safiya na ji ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga Na'ima da ɗiya a kafaɗa, ga takalmina a leda, ga tulun nan wayam.

"Ɗauko babban kwano," in ji ta. "Ki wanke hannu. Kin iya wanki ai."

Ta zaunar da ni a tsakar kicin ɗina. Ta kawo ɗanyen mai da gishiri da ruwan wani ganye da ta dafa. Ta ce in murza. Na yi ta murzawa har kafaɗata ta ƙage, ita tana gefe tana shayarwa tana gyara mini: "Ba haka ba. Da tafin hannu. Haka Mama take yi." Ta yi kuka, na yi kuka, mai ya sha gishiri har da na ido. Muka danna shi a tulu, ta ɗaure murfi da hannunta. Na miƙa mata, sai ta ture mini.

"A gidanki zai zauna. Ƙarƙashin gadonki. Ba buɗewa, ba leƙawa, ba shinshinawa, har sai na sake haihuwa."

Ban taɓa ganin hukuncin da ya dace da mai laifi irin wannan ba. Ni da labule ba ya karkacewa in ƙyale shi, aka sa ni kwana a kan rufaffen tulu. Da zafi ya tsananta har mafarkinsa nake yi. Sau da yawa na durƙusa na ɗaga zanin gado, mu kalli juna ni da shi, in saki zanin in tashi. Na'ima kuwa, kamar da gayya, sai da 'yarta ta fara zuwa makaranta sannan ta sake samun ciki.

Ranar da aka buɗe shi Lalla Zuhura ta lakata ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai. Warin ya kusa kayar da ni, na ci rafisa har na nemi ƙari.

Tun daga nan, in na shiga gidan mutane na ji wani abu yana wari a ƙuryar kabad, sai in ce masha Allah, in naɗe hannuwana a baya, in nemi wuri in zauna.