Yadda Za Ka Nemi Auren 'Yar Maradi da Faransanci

Bi matakan nan, na yi maka alkawari cikin wata guda za ka amayar da abin da ke ranka da Faransanci. Shaidata ɗalibina Mukhtaru, Bakano mai aski a unguwar Utaibiyya ta Makka, wanda ya kamu da son Shifa, bazawara 'yar Maradi mai tuyar masa a unguwar Nakkasa. Yayanta Maman ya riga ya ce da an gama aikin Hajji gida za ta koma.

1. Zaɓi harshen da ba ka ji

In ka ce "ina sonki" da Hausa, kunya za ta kama ka. Da Faransanci kuwa kai kanka ba ka san me ka faɗa ba, ina kunya za ta fito? Mukhtaru ya ce ai duk ɗan Nijar yana jin sa. Kada ka bincika, bincike ɓata lokaci ne.

2. Haddace "je veux", wato "ina so"

Maimaita ko'ina. Mukhtaru ya yi ta yi da aska a hannu, har wani Bamisire ya tsere da rabin gemu.

3. Gyara wa Faransawa harshensu

"Ina kewarki" a wurinsu "tu me manques" ne, a juye. Mukhtaru ya miƙe shi, ya tsaya gaban tanda ya ce, "Je te manque." Wato ita ke kewarsa. Shifa ta dube shi ta ce, "Da yaji ko babu?"

4. Tunkari waliyyi

Mata "femme", yunwa "faim". Bambancin a hanci yake. Mukhtaru ya durƙusa gaban Maman, ya ruɗe, ya ce, "J'ai faim." Maman, wanda shi ya yi karatun Faransancin, ya ce, "Yalla, a kawo wa baƙo kabsa!" Ziyara uku, tire uku na shinkafa da kaza.

5. In ta ƙwace, saki

A zuwa na huɗu muryar Shifa ta fito daga bayan labule.

"Yaya, wai mi yake cewa?"

"Yunwa yake ji."

"Kullum? Malam Mukhtaru, ni ban yi lakkwal ba, balle in ji Faransanci. In magana gare ka, yi ta da Hausa. Jirgina ran Talata."

Ya ƙura wa shinkafa ido, ya ce, "Aurenki nake so."

"To, shi ne sai da ka cinye mana kaji?"

An ɗaura kafin Talata.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan ya ƙare da tumbi babu mata, kada ya nemo ni. Ni ma Faransancin a bakin alhazai na tsince shi, a layin banɗaki a Muzdalifa.