Yadda Za Ka Gyara Wuyan Keken Surukinka Alhali Ba Ka Iya Ba

Ya kai mai karatu, idan surukinka ya damƙa maka kekensa ka haɗa masa, kai kuwa ko faci ba ka taɓa yi ya kwana ba, to kwantar da hankalinka. Hanyar da za a nuna maka gwadajjiya ce. Sammani, wani manomin rani a ƙauyukan bayan Bunkure, ya bi ta tun daga farko har ƙarshe, yau ga shi nan da ransa, sai ɗan tarin da ba a rasa ba. Bi matakan yadda suka zo. An yi maka alkawarin sakamako, ko da ba irin wanda ka zata ba ne.

Mataki na 1: Cika baki a gaban jama'a

Kada ka yi alfahari a ɗaka, inda matarka kaɗai za ta ji ta manta. Nemi taro.

Sammani ya yi nasa ne a wajen wani suna. Surukinsa Malam Uba, mahaifin matarsa Fa'iza, ya yi zancen tsohon kekensa da ke rataye a zaure tun da fok ɗinsa ya karye. Fok shi ne ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, wanda sandarsa ke shiga wuyan keke ta haɗu da sitiyari. Wani ya ce a kai wa Baballe mai gyara. Sammani na tsugune, kansa a sunkuye kamar yadda ya kamaci suruki, sai kawai aka ji ya ce, "Baba, ai wannan ba sai an kai wa kowa ba."

Kada ka ga laifinsa. Malam Uba na da gona a bakin kanal, inda ruwa ke fara isa in an buɗe, gwiwa kuma ta hana shi noma, 'ya'yansa maza duk sun tare a birni. Kowa ya san da an kwashe tumatir zai ba ɗaya daga cikin mazajen 'ya'yansa mata biyu ya dasa shinkafa. Ɗayan surukin, Amiru, yana da babur da injin ban ruwa. Sammani kuwa gonarsa tana can ƙarshen layi, inda ruwa ke isa a gajiye, in ma ya isa. Ya daɗe yana kwana da gonar bakin kanal ɗin nan a ransa, kuma ba shi da abin nunawa sai bakinsa.

Mataki na 2: Sayi fok da ido

Je kasuwar Kura, amma kada ka kuskura ka tafi da karyayyen don a gwada. Mai awo mai shakka ne, gwani kallo ɗaya yake yi. Zaɓi wanda ya fi sheƙi.

Da ka dawo gida za ka tarar da wani zoben ƙarfe da ake zurawa a gindin sandar fok, wanda 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan, ke zagayawa a kansa. Ƙa'ida ita ce ya shiga da ƙyar, sai an sa masa guduma. Na Sammani ya zurma da kansa har ƙasa, yana juyi kamar awarwaro a hannun jaririya. Sammani ya dube shi ya ce alhamdulillahi, aiki ya zo da sauƙi.

Riƙe wannan: duk abin da ya shiga ba gardama, to ya yarda da kai ne.

Mataki na 3: Ji ƙara, ka musanta

Haɗa komai, shafa giris, ɗaure noti. Sannan kama birkin gaba, tura keken gaba, jawo shi baya. In ka ji ƙwas-ƙwas daga wuya, ka yi tari a kai.

Fa'iza na tsakar gida tana yanka tumatirin shanya, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Baban Muhsina, keken nan fa kai yake girgiza maka."

"Sabon ƙarfe ne, bai saba da tsohon ba tukuna."

"To Allah ya sa su saba kafin Baba ya hau."

In matarka ta faɗi haka, ɗauki sifana ka ƙara wa notin sama ƙarfi har jijiyar wuyanka ta fito. Sammani ya ɗaure nasa har sitiyari ya daina juyawa, keke ya zama ba ya tafiya sai miƙe, ƙarar kuma tana nan daram. Ya sassauta, ya cusa leda, ta narke a giris. Ya naɗa robar tsohuwar taya, ta fito ta gefe tana leƙensa.

Mataki na 4: Guji mai gyara

Rumfar Baballe ita ce majalisar ƙauyen. Kafin ya kwance noti ɗaya labari ya isa zauren Malam Uba. Koma kan wayarka. A can Sammani ya ga wani bature yana yanko siririn ƙarfe daga jikin jan gwangwani, ya naɗa a gindin sandar, ya buga zoben a kai, ya kama gam. Bai ji turancin ba, amma ya ga launin gwangwanin.

Mataki na 5: Sayi tumatirin gwangwani a ƙasar tumatir

Nan ne ake gane ɗalibi na gaske. Gwangwanin madara na nan zube a bayan teburin kowane mai shayi, kyauta. Kada ka taɓa shi. A waya ja ne, don haka ja za ka nema.

Lokacin kuwa tsakiyar kakar tumatir ce. Tumatir ya cika ƙasar Kura, an shanya shi gefen titi har ba wajen taka ƙafa, kwanduna jere suna jiran motocin kudu, awaki ma sun ƙoshi sun daina kallonsa. A irin wannan rana Sammani ya shiga shagon Sunday a Kura, ya rage murya ya ce a ba shi tumatirin gwangwani.

Sunday ya ajiye abin da ke hannunsa. "Sammani, lafiya kuwa? Wannan fa don baƙin ma'aikata nake ajiye shi. Ni tunda na buɗe shagon nan ɗan ƙasar nan bai taɓa tambayata shi da rani ba."

"Kai dai ba ni."

"Gonar ce?"

"Gona lafiya lau."

"Allah ya mayar da alheri," in ji Sunday, ya miƙo masa da hannu biyu.

Kuma ka tabbata akwai shaida. Amiru na tsaye a bayansa, ya zo sayen katin waya. Ya dai yi wa Sammani sallama mai daɗi fiye da kullum. Kafin la'asar ƙauye ya gama sanin cewa sharon, tsutsar nan mai cinye gonar tumatir tas, ta gama da gonar Sammani, yana ta ɓoyewa har miyar gidansa sai ya sayo a gwangwani. Mata suka riƙa shigowa yi wa Fa'iza jaje, wata har da ɗan kwanon tumatir a ƙarƙashin mayafi. Fa'iza ta raka su da godiya, ta dawo ta tsaya a kansa.

"Ni aka kawo wa sadakar tumatir? Ni, da rufin ɗakina ke ja wur? Wallahi abin da ke cikin gwangwanin nan ba dai a tukunyata ba."

Mataki na 6: Naɗa, buga, yi murna

Zubar da tumatirin a bayan gida, yanko ƙarfen, naɗa, ɗora zobe, buga. Idan abin da ka yanko bai zagaye sandar duka ba, kada ka damu ka sake wani. Rabin zagaye ma zagaye ne, sauran Allah zai cika.

Sammani ya kama birki, ya tura, ya ja. Shiru. Ya sake. Shiru. Daɗi ya kama shi har ya zagaya tsakar gida yana kaɗa ƙararrawa, kaji na watsewa. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun ranar da aka haifi Muhsina.

Mataki na 7: Kashe jita-jita da kwando

Ba wanda zai ba da gonar bakin kanal ga mutumin da tasa ta mutu yana ɓoyewa. Dole surukinka ya ga tumatirinka da idonsa, kuma a kan kekensa, don a kashe magana biyu a tafiya ɗaya. Ɗauko kwandon da ya fi kowanne girma ka ɗaure a kariyar bayan keken. Ƙara buhun albasa a kan sitiyari don armashi. Sannan bi hanyar gefen kanal, wadda tayoyin tarakta suka sassaƙe.

Sammani bai yi nisa ba ya ji ƙwas. Ya ce dutse ne. Can sai ya ga ɗan jan ƙarfen ya leƙo daga wuyan keken, ya lanƙwashe, ya faɗo. 'Ya'yan boris suka bi bayansa suna gangarawa cikin ƙasa. Yanzu ba ƙara kaɗai ba ce, in ya juya sitiyari dama sai taya ta yi shawara tukuna.

Mataki na 8: Rufe ɓarna da ladabi

Ga inda al'ada za ta cece ka. Mai kunya ba ya isa gaban surukinsa a kan keke, sauka yake yi ya tura. Ba a kuwa ƙayyade daga ina za a fara saukar ba. Sammani ya sauka tun Malam Uba bai fi ɗigo ba a idonsa, can a bakin gonarsa inda yake zaune kan buhu yana kallon ruwa, Amiru da wasu dattawa na gefensa. Ya cire takalma ya rataya, ya riƙe wuyan keken da hannu ɗaya kamar mai lallashinsa, ya taho a hankali.

"Kai, yaron nan da kunya yake," in ji wani dattijo. "Tun daga can!"

Malam Uba ya ɗaga tumatir ɗaya ya juya shi, ya dubi Amiru, ya mayar. Sannan ya shafa sirdin kekensa. Idonsa ya yi wani irin haske da Sammani bai taɓa gani ba.

"Sauke kayan," ya ce. "Da wannan na kai mahaifiyar Fa'iza asibiti ranar haihuwarta. Bari in ɗana shi zuwa bakin kwalbati in dawo."

Mataki na 9: Abin yi idan dattijo ya ɗaga ƙafa

A nan gwanaye sun rabu. Wasu sun ce ka yi shiru ka yi addu'a. Wasu sun ce ka faɗi gaskiya. Amma ta yaya suruki zai buɗe baki a gaban dattawa ya ce wa uban matarsa kada ya hau, aikin da na yi maka na banza ne? Sammani ya dubi hanyar, siririya, ga rami ga kanal cike maƙil a gefe. Ya dubi gwiwoyin tsohon da ya ba shi 'ya bai taɓa ɗaga masa murya ba. Tsoro ya kama shi na gaske, kuma wannan karon ba gonar yake tunani ba.

"Baba," ya ce, "bari in fara gwada birkin."

Ya cire hularsa da wayarsa ya miƙa wa Amiru. Ya yi bisimilla, ya haye, ya taka feda da ƙarfinsa, ya nufi ramin da ya fi kowanne zurfi. Sitiyari ya yi gabas, taya ta yi arewa. Ƙarar faɗawarsa sai da ta tashi balbelu daga gonaki uku.

Ya miƙe ruwa iya ƙirji, ciyawa a ka, yana riƙe da sitiyari shi kaɗai. Amiru ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Malam Uba bai yi ba.

"In ka gama, ba shi hannu," ya ce wa Amiru. Ya ɗauki sandarsa ya nufi gida da ƙafa.

Mataki na 10: Koma gida ka jira hukunci

Sammani ya wuni a ɗaka cikin bargo yana atishawa, ya riga ya yi wa gonar bankwana a zuciyarsa. Fa'iza ta je gidansu, ta dawo gab da magariba, ta ajiye masa kunu ta shiga hidimarta. Sai da ya gaji ya tambaya.

"Me Baba ya ce?"

"Ya ce keken a kai wa Baballe, kuma kai za ka tura shi har rumfar da rana tsaka."

"Na ji. Sai me?"

"Ya ce ka fara neman irin shinkafa."

Sammani ya yaye bargon. "Bayan abin da na yi?"

"Nima haka na tambaye shi." Fa'iza ta juya masa baya tana gyara fitila, muryarta ta ɗan sauya. "Ya ce shi dai bai taɓa ganin mai gwada birki ya fara cire waya da hula ba."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk wani karyayyen haƙori, jiƙaƙƙen wando ko mura da ta biyo bayan bin waɗannan matakai. Ba ya raka kowa rumfar mai gyara, ba ya shiga tsakanin miji da mata a kan zancen gwangwani. Kafin ka kai mataki na tara, ka fara bincika abu biyu: zurfin kanal ɗin garinku, da kuma ko surukinka mai lura ne. Idan ba mai lura ba ne, to wanka kawai ka yi.